Ɓauren Ƙaya: Tsiron Da Ake Samun Gas Da Fata Daga Jikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A filinmu na ilimin zamani na wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wani tsiro mai ƙaya wanda labarinsa yakan iso mana jefi-jefi, wai a wasu ƙasashe ana fitar da gas na girki da na mota daga jikinsa, har da fatar ɗinka takalmi da jaka. To, maganar gaskiya ce. Sai dai tana da sharuɗɗa waɗanda masu ba da labarin ba su cika faɗa ba. Mu kuwa mutanen Jibiya, da muke zaune a bakin iyaka, inda itacen girki ke ƙara nisa, man fetur ke ƙara tsada, ya kamata mu san waɗannan sharuɗɗa tun kafin wani ya zo ya sayar mana da iri tare da alkawarin arziki.

MENE NE WANNAN TSIRO?

Turawa suna kiran danginsa gaba ɗaya kaktus, Larabawa kuma suna cewa sabbar, sunan da ya fito daga tushe ɗaya da kalmar sabr, wato haƙuri. Irin da muke magana a kansa shi ne mai faffaɗan jiki kamar faifai, faifai a kan faifai, kowane da ƙaya, yana kuma yin 'ya'ya masu zaƙi a gefen faifan. Mutanen Masar suna ce masa tinush shauki, ma'ana ɓaure mai ƙaya, saboda haka a wannan rubutu za mu riƙa kiransa ɓauren ƙaya.

Asalinsa daga ƙasar Meksiko ne, can nahiyar Amurka, inda ake kiransa nopal. Sun yi dubban shekaru suna cin 'ya'yansa, suna kuma dafa ɗanyen faifansa kamar yadda muke dafa kuɓewa, har ma hotonsa yana jikin tutar ƙasarsu. Bayan 1492, da mutanen Sifen suka isa can, sai jiragensu suka ɗauko shi zuwa Turai, daga nan ya tsallaka Afirka ta Arewa. Shi ya sa a Maroko har yau wasu ke kiransa karmusun nasara, wato ɓauren Nasara. A arewacin Habasha kuma beles suke ce masa.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Kafin mu ci gaba, ga wata mas'ala da ta wajaba kowane ɗalibi ya riƙe. Muna da tsirrai a ƙasarmu masu kama da shi a ido, irin su ƙyarana da tinya, da kuma 'yar uwarsu aguwa wadda ake shinge da ita a gonaki daga nan har Maraɗi. Waɗannan danginsu daban, nasa daban. Alamar rarrabewa mai sauƙi ce. Idan ka karya ƙyarana ko tinya za ka ga farin ruwa kamar madara yana tsattsafowa, kuma wannan ruwan dafi ne, yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Ɓauren ƙaya kuwa ba shi da farin ruwa, abin da ke cikinsa yauƙi ne garau kamar na kuɓewa. Don haka kada yaro ya karanta wannan bayani ya je ya saro ƙyarana ya ba akuyar gidansu, ko ya sa a baki. A kiyaye ƙwarai.

SIRRIN HAƘURINSA DA ƘISHIRWA

Kowane tsiro yana da 'yan ƙananan ƙofofi a jikin ganyensa waɗanda ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita. Gero da dawa da wake suna buɗe nasu ƙofofin da rana tsaka, kuma a daidai lokacin ne zafin rana ke zuƙe ruwan jikinsu. Shi ɓauren ƙaya sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan yake buɗe nasa. Ya shaƙi iskar ya adana ta a jikinsa, gari na wayewa ya rufe ƙofofi, ya yi aikinsa da hasken rana a ɓoye. Da wannan hikima da Allah Ya yi masa, ruwan da yake bukata don ya yi girma bai kai na gero ko na dawa ba.

Daɗin daɗawa, faifan nan nasa tulu ne. A cikin kashi goma na nauyinsa, kusan tara ruwa ne. A 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa hekta guda ta wannan tsiro tana iya riƙe ruwa har tan 180. In ka lissafa da jarka mai lita 25, ka ga jarka 7,200 ke nan a tsaye cikin gona. Wannan ne ya sa makiyayan arewa maso gabashin Birazil, yankin da fari ya saba addaba, suka shuka dubban ɗaruruwan hekta na irin da ba shi da ƙaya, suna yanka wa shanu da rani, dabba ta ci ta kuma sha a lokaci guda.

YADDA AKE FITAR DA GAS

Ka taɓa lura da kumfar da ke tasowa daga ƙasan tsohon kududdufi? Wannan iska ce da wasu ƙananan halittu ke fitarwa yayin da suke cin ruɓaɓɓen ganye a wurin da iskar sarari ba ta shiga. Irin halittun nan suna nan cike a tumbin saniya. Fiye da rabin iskar da suke fitarwa wata aba ce mai kama wuta da masana ke kira mitan. Aikin fitar da gas, a taƙaice, gina wa waɗannan halittu tumbi ne na siminti ko na roba, a riƙa ciyar da su kullum. Ga yadda abin yake:

Na farko, a gina rijiya mai rufi kamar kubba, a toshe ta ruf, a bar mata bakin zuba abinci, da bakin fitar da saura, da bututu a samanta.

Na biyu, a yanko faifan tsiron a markaɗa shi, a gauraya da ɗanyen kashin shanu. Kashin nan wajibi ne, domin shi ke kawo halittun, kuma idan aka zuba tsiron shi kaɗai sai ya yi tsami da sauri, halittun su kasa aiki.

Na uku, a jira 'yan makonni. Gas zai taru a cikin kubbar, ya bi bututu zuwa murhu, ya ba da shuɗiyar wuta marar hayaƙi.

Na huɗu, abin da ya fito ta ɗaya bakin taki ne mai kyau, sai a mayar da shi gona.

Fa'idar ɓauren ƙaya a nan ita ce yana zuwa da ruwansa. Rijiyar da ake ciyarwa da kashin shanu zalla sai an riƙa zuba mata ruwa kusan daidai da yawan kashin, wanda kuwa yake sayen ruwa a jarka ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A garin Zitakuwaro da ke jihar Michowakan ta Meksiko, wani ɗan kasuwa mai sarrafa masara, Rogelio Sosa, shi da abokan aikinsa suka kafa kamfanin Nopalimex, da nufin rage kuɗin da yake kashewa a kan makamashi. Da gas ɗin tsiron suka riƙa tafiyar da masana'antarsa, daga bisani suka fara tace shi suna zuba wa motocin hukumar garin, kamar dai gas ɗin CNG da gwamnatin Nijeriya ta fara kwaɗaitar da direbobi a kansa tun 2023. Haka kuma a 2017 an buɗe wata rijiyar gas a kasuwar nopal ta Milfa Alta, gefen babban birnin ƙasar, wadda abincinta shi ne ɓawo da ƙayar da masu fere ke zubarwa.

Idan mai tambaya ya ce, shin ya halatta a dafa abinci da gas ɗin da ya fito daga kashin dabba? Sai mu ce, a mazhabarmu ta Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba. Ai ko a ƙauyukanmu an daɗe ana hura wuta da busasshen kashin shanu.

FATA, LEDA DA GINI

A 2019 wasu samari biyu 'yan Meksiko, Adrián López Velarde da Marte Cázarez, suka baje wata irin fata mai suna Desserto a kasuwar baje kolin fatu ta birnin Milan a Italiya. Gonarsu tana jihar Zakatekas. Sukan yanke ƙosassun faifai su bar uwar tsiron a tsaye, su shanya a rana, su niƙa, su haɗa da wasu sinadarai, sannan su shimfiɗa a kan ƙyalle. Amma a sani, cikin haɗin akwai wani kaso na roba, don haka wanda ya ce maka fatar tsiro ce zalla bai cika maka bayani ba. Mu da muke da jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, waɗanda fatarsu ta yi suna a kasuwannin duniya tun zamanin ayarin raƙuma, ba wannan ɓangaren ne ya fi damunmu ba.

Wanda ya fi kusa da damuwarmu shi ne na leda. Wata malamar jami'a a yankin Gwadalahara, Sandra Pascoe Ortiz, ta haɗa ruwan faifan da kaki da wasu abubuwa, ta samar da leda wadda in an binne ta a ƙasa takan ruɓe cikin kimanin wata guda. Labarinta ya bazu a 2019, lokacin tana matakin ɗakin gwaji. Duk wanda ya taɓa ganin mahauci ya farke cikin akuya ya ciro dunƙulen baƙar leda zai gane amfanin irin wannan bincike.

Tun kafin zuwan waɗannan, mutanen Meksiko na dā suna zuba yauƙin tsiron a cikin farar ƙasa da laka domin yaɓe ya yi ƙarko, kamar yadda maginanmu ke yi da makuba. Suna kuma sa shi a ruwa mai laka ya kwantar da dattin, irin aikin da ƙwayar zogale ke yi.

TO, ME YA SHAFI JIBIYA?

Mai karatu ba ya bukatar a tuna masa wahalar makamashi a garin nan. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Iyakar Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai, farashi ya yi tashin gwauron zabi, a Agusta kuma aka sake rufe hanyar Magama zuwa Ɗan Isa bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da aka taɓa iyaka ko aka taɓa mai, mai injin ban ruwa a bakin dam da mai injin niƙa a cikin gari su ke fara ji a jikinsu.

Ɓangaren girki kuma, yawancin gidajenmu itace da gawayi ne. A shekarun da rashin tsaro ya tsananta, shiga daji neman itace ya zama sayar da rai. Ga hayaƙin da iyayenmu mata ke shaƙa a madafa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irinsa yana sanadin mutuwar mutane fiye da miliyan 3 a duniya kowace shekara. Ga kuma dabbobi da ke ramewa daga watan Maris zuwa faɗuwar damina. Tsiron da zai ba da abincin dabba da wutar girki a kan faƙon da gero ba ya yi, lalle abin a duba ne. Amma fa a duba da ido biyu.

ABUBUWA HUƊU NA HATTARA

Na ɗaya, yanayinmu. Ka tuna mun ce da dare yake numfashi, kuma yana son daren ya zama mai sanyi da ɗan raɓa. Meksiko da Habasha ƙasashen tuddai ne, Maroko kuma tana da iskar teku. Mu a nan, lokacin hunturu dare na da sanyi amma iska a bushe take ƙayau, lokacin bazara kuma daren kansa zafi ne. Wani masanin tsirran hamada Bafaranshe, Le Houérou, wanda ya daɗe yana aiki a Afirka, ya lura cewa tsiron ba ya yin albarka sosai a yankin Sahel saboda tsananin bushewar iska. Ke nan lissafin amfanin gonar Meksiko ba zai zama hujja a kan gonar Jibiya ba.

Na biyu, yana iya zama annoba. An kai wasu ire-irensa masu ƙaya ƙasar Ostireliya don shinge da ado. Zuwa 1925 sun mamaye kimanin hekta miliyan 24, wato kamar faɗin Jihar Katsina sau goma, manoma da yawa suka bar gonakinsu. Sai da aka ɗauko wani ƙwaro daga Ajantina aka sake shi a 1926, tsutsarsa ta cinye tsiron cikin 'yan shekaru. A yankin Laikifiya na Kenya ma wani irin mai ƙaya ya cinye makiyaya, ƙaiƙayin 'ya'yansa yana lalata bakin awaki da idanunsu. Wanda ya ga abin da kacalla ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru ya san yadda tsiro ke ƙwace ƙasa daga hannun masu ita.

Na uku, yana da nasa maƙiyi. Akwai wani ɗan ƙwaro mai lulluɓe kansa da farin abu kamar auduga, yana tsotse faifan har ya bushe. An gano shi a Maroko a 2014, ya kuma hallaka gonaki masu ɗimbin yawa. Ɗan uwansa ya yi irin wannan ɓarna a yankin Tigrai na Habasha. Mu da muke kan hanyar shige da fice, faifai ɗaya mai ƙwaro da aka tsallako da shi a cikin kaya ya isa ya kawo cutar.

Na huɗu, kasuwa. A 2007 Nijeriya ta fitar da manufarta ta samar da mai daga tsirrai, a lokacin duniya ta ɗauki ɗumi a kan bini da zugu, ana cewa zai ba da man dizal a kan ƙasar da ba ta da amfani. Aka shuka shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ashe rayuwa a busasshiyar ƙasa daban, yin 'ya'ya masu yawa daban. A 2009 kamfanin BP ya janye daga babban aikin da ya shiga na noman shi, wasu kamfanonin suka bi baya, aka bar manoma da itatuwa babu mai saye. Hausawa suka ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Shi ɓauren ƙaya ma sai an ƙara lura, domin wanda ya loda buhu goma na faifansa a mota, buhu tara ruwa ya biya wa kuɗin mota. Saboda haka ba amfanin gona ba ne da za a kai kasuwar Lahadi a jira dillali. Inda aka noma shi, nan ya kamata a yi amfani da shi.

SHAWARA

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da gwaji kaɗan. Makaranta ko ƙungiyar manoma ta ware ɗan fili a kan tudu, ta kewaye shi da shinge. Kada a taɓa fadama ko filin noman rani na bakin dam, domin wannan wurin abinci ne, kuma shi tsiron saiwarsa ruɓewa take yi a inda ruwa ke kwanciya. A nemi irin da ba shi da ƙaya ta hannun malaman gona, a duba kowane faifai da kyau ko akwai farin ƙwaro. A ajiye shi a inuwa kamar mako ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe, sannan a binne kashi ɗaya cikin uku nasa a tsaye. A tsare shi daga awaki na shekara biyu. Ɗalibai su riƙe littafi, su riƙa rubuta yawan sababbin faifai da nauyinsu a kowane wata, musamman daga Maris zuwa Mayu. Abin da littafin nan ya nuna bayan rani biyu shi ne hujja.

In ya yi, a fara da ciyar da dabbobi. A yayyanka shi a haɗa da harawa ko dusa, domin abin gina jiki a cikinsa kaɗan ne, kuma in dabba ta ci shi shi kaɗai yakan sa ta zawo. Kashin da dabbar ta yi, tare da ragowar faifan, su ne za su shiga rijiyar gas. Ka ga an ci riba biyu a kan shuka ɗaya.

In kuma bai yi ba, ba a yi asarar komai ba sai ɗan fili da ɗan lokaci, kuma maganar gas ba ta mutu ba. Rijiyar gas tana aiki da kashin shanu, da abin da ake zubarwa daga tumbi a mahauta, da ruɓaɓɓen tumatir da kabeji na kasuwa, kuma zafin ƙasarmu taimakonta yake yi, domin halittun nan sun fi kuzari a ɗumi irin na jikin dabba. Mutanen Burkina Faso sun gina irin waɗannan rijiyoyi fiye da dubu goma a gidajen manoma. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansu. Sharaɗi dai shi ne a samu magini wanda ya koyi aikin, a riƙa duba bututu saboda yoyo, kuma kada kowa ya kuskura ya shiga cikin rijiyar ko da an kwashe ta, domin iskar cikinta tana kisa.

Kada kuma ɗokin baƙon tsiro ya sa mu manta da namu. Tun daga wajen 1983 manoman Maraɗi suka koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a cikin gonaki, suna yi musu sassabe mai kyau maimakon tumɓukewa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, aka samu itacen girki a bakin gona ba tare da an sayi iri ko ɗaya ba. Tsakaninmu da su tafiyar sa'a guda ce a mota, wanda ke da ɗan uwa a can sai ya je ya gani da idonsa.

Muna roƙon ɗalibai su karanta wa iyayensu wannan bayani a gida, musamman wurin da ya bambanta ɓauren ƙaya da ƙyarana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.